Karan Awon Sodangi Mai Kwali

Duk wanda ya yi wayo a Dutsin-Ma kafin a samu 'yancin kai ya san Sodangi mai kwali, kuma ban san mutum ɗaya da zai ce Sodangi ya taɓa yarda da shi ba. Ko gaisuwa ka tsawaita masa sai ya dafe aljihu. A Kano ya koyo sana'ar, a kantin wani Balarabe Kwara. Sai ya auna abin da za a saka, ya zana a kan kwali mai kauri, ya tsaga rabin kaurin da aska don ya lanƙwasu bai karye ba, ya manne kusurwoyin da ƙaro, ya lulluɓe da takarda mai sheƙi. Murfinsa in ka sake shi, da kansa yake sauka a hankali. Aiki kam ya iya, ba zan hana masa wannan ba. Sai dai mutanenmu a ganye da tsumma suke ƙunshe kaya, ba mai sayen turare ya kuma saya masa gida.

Shekara biyar yana zaman kashe wando a rumfa. Ran nan da tsakar rana ya ɗauki kwali ɗaya, ya nufi wajen wani boka a cikin duwatsun bayan Kurfi.

Kogo ne a gindin tsamiya, ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. Tukwane bakwai a kife, ƙahon rago ɗaure da jan ƙyalle, ga wata ƙwarya cike da jar ƙasa mai danshi, alhali rabon da a yi ruwa wata biyar. Bokan bai amsa sallama ba. Ya tura hannu cikin ƙasar ya zaro karan dawa, tsawonsa kamu ɗaya, an yi masa tsaga uku a kai.

"Ka yar da ma'aunin Bature," in ji bokan. "Da wanga za ka riƙa awo. Abin da duk ya auna sai an yi mishi gida, an rufe, an tafi da shi."

Sodangi ya ƙanƙance ido. "Mi zan ba ka?"

"Ba ni son komi naka."

"A'a, malam, ba a haka. Akwai jini a ciki?"

"Ko ɗigo."

"Yanka fa? Ko wani abu da zan binne a ƙofar gida?"

"Babu. Kai dai yi ta awonka."

Ya yi tambaya ta fi ashirin, ya kewaye bokan ta ko'ina, amma bai tambayi inda aka samo karan ba. Bokan ya sa shi ya tofa wa karan yawu sau uku, ya hura numfashinsa cikin kwalin da ya zo da shi, ya rufe. Aka tura kwalin ƙarƙashin tukunya ta bakwai.

Kafin damina ta faɗi, masu turare daga Kano sun fara turo mota. Masu hula suka biyo, masu sabulu da takalma suka biyo. Kayan da ya shekara a kanti, da an sa shi a kwalin Sodangi sai ya tashi. Ya yi gidan kwano, ya sayi babbar mota Bilhodi, rumfa ta zama shago mai ƙofa biyu. Gari ya fara ƙus-ƙus, shi kuma ya ƙara kwaɗo a kowace ƙofa.

Wata rana zai tafi Kano, ya ce sai ya sayo wa mahaifiyarsa Dada takalmi. Ka san yadda muke yi, a auna ƙafa da kara a tafi da awon kasuwa. Ya zaro na aljihunsa ya ɗora a tafin ƙafarta, tana dariya tana sa masa albarka. Kafin ya dawo ƙafar ta kumbura har cinya. Kwana uku ta cika, aka kai ta. Sodangi ya rantse maƙwabta ne suka yi mata jifa, ya daina gaisawa da rabin unguwa.

Bayan shekara, ƙanensa Hudu zai yi aure. Sodangi ya ce shi zai yi masa hula da gidanta, ya kewaya karan a kan Hudu. Ana jibi ɗaurin aure aka tsinci ango a kasuwar Kurfi ba riga, yana roƙon mutane su cire masa murfi. Wannan karon dangin amarya Sodangi ya zarga.

Matarsa Saudatu ce ba ta zargi kowa a waje ba. Shekara goma sha biyu suna neman haihuwa, sai ga shi tana da tsohon ciki, don haka idonta na kan komai. Ubanta mai haƙan kabari ne a Kurfi. Ranar da ta ga karan da kyau a kan teburin aiki, sai ta tare shi da tambaya.

"Maigida, ina ka samo wanga?"

"Ina ruwanki? Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Tsagan nan uku Baba ke yi wa karan da an ka auna gawa da shi, don kada a ruɗe. A kabari aka barin shi, ba a dawowa da shi gida. Kuma dubi tsawon shi, don Allah. Wace gawa ce kamu ɗaya?"

Na tabbata ya gane. Amma akwai aikin wani kamfanin turare a gabansa, mafi girma da ya taɓa samu.

"Bari in gama wanga aiki, in ƙone shi da hannuna."

"In ba ka ƙone ba, ni zan ƙone."

Tun daga ranar ya koma zargin ta. Ya ɓoye karan a shago, ya ga kamar ta saci makulli. Ya sa a rumbu, ya ga kamar ta leƙa. Ran da ta haifi ɗa namiji, gida ya cika da mata, sai dabara ta zo masa. Wuri ɗaya ne ba za ta taɓa bincikawa ba, ɗakinta. Tana bayan gida ana yi mata wankan jego da hantsi, ya shiga ya cusa karan ƙarƙashin shimfiɗar da ke gefen gadonta, ya fito yana jin ya fi kowa wayo.

A kan shimfiɗar nan aka kwantar da jaririn. Da aka zo ɗaukarsa da azahar, ya riga ya yi sanyi. Saudatu ta yaye zanen, ga karan a miƙe, daga inda kan yaron yake zuwa inda diddigensa ya tsaya, bai ragu ba bai ƙaru ba. Ba ta yi kururuwa ba. Ta kira mijinta gaban mata ta nuna masa, ta ce, "Ka gama aikin naka."

Ko kwana bakwai ba ta ƙara a gidan ba. Motocin Kano suka ɗauke ƙafa, gara ta cinye shagon. Ni na ga Sodangi da idona bayan shekaru, a bakin kasuwa, yana tsintar yagaggun kwalaye yana haɗawa. Hannun bai manta aiki ba, amma girma ɗaya kawai yake yi, kamu ɗaya, ya rufe ya rungume.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma haushinsa nake ji fiye da tausayi. An faɗa masa gaskiya da sauran lokaci, kwaɗayi ya ce ya ƙara kwana biyu. Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. In boka ya ce ba ya son komai naka, to ya riga ya zaɓi abin da zai ɗauka a gidanka.