Jarkar Dogo da Rawar Waya

Ka taɓa ganin rawa a waya, ƙafarka ta fara motsi ba ka sani ba? To, haka ya faru da wata yarinya, monitar aji biyar.

Saura mako ɗaya a yi gasar wasanni a makarantarsu. Ajin da ya ci zai ɗauki kofi. 'Yan aji biyar sun shirya nasu kiɗan. Da rula suke buga benci, wani yaro mai suna Dogo yana dukan jarkar ruwa. Waƙar ma su suka ƙirƙira, a kan mai gadin da yake tsare 'yan latti.

Sai monita ta ga wata rawa a wayar yayarta.

"Yaya, mutum nawa suka kalla?"

"Miliyan uku. Ita ake yayi yanzu. Ke, sakar min waya!"

Washegari ta shigo aji da gudu.

"Ku ajiye rulolin nan! Na samo mana abin da duniya take so!"

"Kiɗanmu fa?" in ji Dogo.

"Haba Dogo, wa zai tafa wa jarka?"

Malama ta ce, "Kin tabbata ke kaɗai kika ga rawar nan?"

"Malama, ai kofi namu ne!"

Ranar gasa iyaye suka cika fili. 'Yan aji biyu suka fito, aka kunna waƙa. Rawar wayar nan ce! Aji uku ma ita suka yi. Aji huɗu ma ita!

Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah! Yaran ne suke canza riga su dawo?"

Aka fashe da dariya.

Da aka kira aji biyar, suka fara rawar. Ba wanda ya tafa. Wasu ma sun fara ɗaukar jakunkuna. Can sai waƙar ta tsaya cak. Data ta ƙare a wayar yayar monita!

Idon monita ya cika da hawaye.

"Dogo, ka yi haƙuri. Ina jarkar?"

Dogo ya washe baki. "Tana bayan benci. Dama ban yarda da wayar yayarki ba."

Dum! Dum! Ruloli suka amsa: kas-kas-kas! Suka ɗauki waƙarsu. Mai gadi ya ji ana waƙarsa, ya yar da sanda, ya faɗo fili yana juyi. Masu tafiya suka dawo. Tafi raf-raf-raf!

Hedimasta ya ɗaga kofi. "Yau na ga rawa ɗaya sau huɗu. Sabon abu kuwa sau ɗaya na gani."

Monita ta karɓa, ta miƙa wa Dogo.

Daga ranar ta gane cewa ba laifi ba ne a ji daɗin abin da ake yayi. Laifin shi ne ka raina naka don ka kwaikwayi na kowa. Rawar wayar ma, ai wani ne ya fara ta.

Kai fa? Tara abokanka yau, ku ajiye waya, ku ƙirƙiri naku wasan!