Dutsen Gugar Marigayi

"Wayyo Falilat! Dutsen Baba kika ɗauko?"

Salmanu ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da baki. Falilat ta juya dutsen gugar. Sitaci ya ƙone a ƙasansa, ya danƙare baƙi ƙirin kamar ƙanzo.

"Namu ne murfinsa ya karye... Na ce ranarka ta farko ta koyarwa, ba za ka shiga aji da riga a yamutse ba."

"Ai da na tafi da ita haka, abar ƙaunata. Shekara shida da rasuwar Baba, ko ni Inna ba ta bari in taɓa shi!"

Wata uku ke nan da aka kawo Falilat unguwar Fagge daga gidan ubanta, Alhaji Raji mai goro a Sabon Gari, amma Inna Hajo, uwar mijinta, ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" da safe, "yarinyar nan" da yamma. Da ma ba da son ranta ɗan nata ya auro Bayarabiya ba. Ita kuwa baiwar Allah tun tana goye ta rasa uwa, uwa take nema ido rufe.

A gidansu sitacin rogo ake damawa da kauri, a goge riga da danshinta har ta tsaya da ƙafarta. Ina ta san tsohon dutsen tagulla ya fi nasu ɗaukar zafi?

"Zan ce ni ne," in ji Salmanu.

"Kai da ba ka san inda ake zuba gawayin ba?" Ta yi murmushi cikin hawaye. "Tafi Malam, kar ka makara."

Yana fita ta juye garwashin, ta rarumo wuƙa za ta kankare ƙanzon.

"Ajiye wuƙar nan!"

Inna ce tsaye a kanta. Falilat ta zube ƙasa.

"Inna ki yafe ni... wallahi ban..."

"Kawo gishiri. Da guntun kyandir, da tsumma."

Tsohuwar ta baza gishirin a kan tsumman, ta kama hannun Falilat ta ɗora a mariƙin.

"Tun da ɗuminsa. A hankali, ba dambe kuke ba."

Suka yi ta murzawa tare. Gishirin ya yi baƙi, ƙanzon ya riƙa ɓantarewa. Inna ta shafa kyandir ta goge, tagulla ta fito fes. Sai ga wani dogon zane a gefe.

"Ba ni na yi wannan ba, Inna!"

"Na sani. Wuƙata ce." Muryarta ta yi rauni. "Satina biyu a gidan nan na ƙona masa ƙaro, sitacinmu na da, garin gugar rawanin baban Salmanu. Kwana uku uwar mijina ba ta amsa gaisuwata ba. Na sha kuka, na rantse ba zan yi wa matar ɗana haka ba."

Ta shafa zanen.

"Ga shi ni har na yi wata uku..."

Falilat ta fashe da kuka. Inna ta jawo kanta ta ɗora a cinya, ta share mata fuska da bakin zane.

"Ya isa haka, Falilatu. Tashi ki kai dutsen ɗakinki, ki ɗauko rigar mijinki ta gobe in nuna miki damun sitaci."