Katako a Gafaka

Alƙali ne da kansa ya kwance igiyar gafakar. Kotu ta cika, har da masu leƙe ta taga, don ranar ce bakaniken da ake kira Sifana zai rantse. Mai gidan burodi ne ya kai shi ƙara. Ya ce ya ba shi gyaran janareta, shi kuma ya cire masa inji mai lafiya ya saka mataccen. Babu shaida. Sifana ya musa, sai rantsuwa ta hau kansa.

Alƙur'anin kotun tsoho ne, rubutun hannu, kullum yana cikin wannan jakar fata. Mutane sun fi tsoronsa a kan na ɗab'i, duk da alƙali ya sha faɗa musu duka ɗaya ne. Yawanci ba a ma buɗe shi, mai rantsuwa ya dafa gafakar kawai. Ranar dai alƙali ya so ya karanta wa Sifana aya kafin ya dafa.

Ya zaro farin ƙyalle, ya warware. Katako ne a ciki.

Sajan, 'yar sandan da ke kula da kotun, tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ga Sifana ya saki baki kamar kowa. Ta fita ta buga wa ogansu waya.

"Wa ke riƙe da makullin kabad ɗin da ake ajiye gafakar?" in ji oga.

"Baba Masinja, yallaɓai."

"Kawo shi."

Tun da aka kawo ta aiki kotun, Baba Masinja ne ke ajiye mata kujera a inuwa. 'Yata yake ce mata. Ta sa masa ankwa a gaban jama'a, shi ya ma miƙo hannuwan. Wajen shiga mota hularsa ta faɗi. Ta ɗauka ta kakkaɓe ta sa a jakarta.

A ofis oga ya ce, "A bar shi a ciki. In ya kwana biyu bakinsa zai buɗe."

"Yallaɓai, tsarin mulki bai ba mu kwana biyun ba. Gobe ko dai a kai shi gaban kotu, ko a sake shi."

"Kin fara aikin lauya ke nan. To, ki nemo mini wani kafin goben. In babu, shi zan gurfanar."

Ta sami Baba zaune a kan benci, kansa babu hula, furfura duk a waje.

"Baba, yaushe ka ga Alƙur'anin da idonka?"

"Jiya da safe, 'yata. Na fito da shi na kaɗe ƙura na mayar, na ɗora a tebur, don jiya aka so a yi rantsuwar."

"Sai me?"

"Sai aka kira azahar, muka tafi masallaci. Da muka dawo alƙali ya ce yaron ya je ya kwana da tunani. Na sa gafaka a kabad na kulle."

"Ka buɗe kafin ka kulle?"

"A'a."

"Da za ku tafi salla, ka kulle ƙofar kotun?"

Ya sunkuyar da kai. "Jawowa kawai na yi. Abin da mutane ke ratsewa in sun gan shi, wa zai taɓa?"

Ta koma teburinta ta juya katakon. Faɗinsa da kaurinsa kusan na littafin. Fuskarsa duk sawun wuƙa. A gefe akwai huda da guntun zare na ratayewa. Ta kai shi hanci. Sabulu, a ƙarƙashin sabulun kuma albasa.

Magatakardan kotu ta fara tambaya. Ya ce a motar alƙali ya je salla, a ciki ya dawo, direba shaida ne.

"Kuma ni, Sajan, ko albasa ban iya yankawa ba. Ki tambayi uwargidana, za ta yi miki bayani har ki gaji."

Direba ya tabbatar. Ta wuce gidan burodi. Katakan wurin dogaye ne, ƙanshin yis suke yi, babu mai sawun wuƙa.

"Ni zan sace?" in ji mai burodi. "Ni fa nake so ya dafa na gasken. Shi za ki tambaya."

"Sifana yana ina jiya lokacin azahar?"

Mai burodi ya ɗan ɓata rai. "Gaskiya yana masallaci. Kusa da ni ma ya tsaya, ƙafarsa tana taɓa tawa. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba."

"Tare kuka fito?"

"Tare. Yana gaba ina baya, ina kallon ƙeyarsa."

A gareji ta sami Sifana a ƙarƙashin mota. Ya fito yana goge hannu da tsumma, amma baƙin mai ya riga ya zauna a zanen tafinsa da farcensa. Ƙyallen da aka naɗe katakon a ciki kuwa fari tas yake.

"Ka san katakon?"

"Ranki ya daɗe, yadda kika gan shi haka na gan shi. Ni na zo rantsuwa ne. Yanzu ma a kawo wani in dafa."

"Wa ya raka ka kotu jiya?"

"Matata da Inna."

"Yau fa?"

"Matata kawai. Inna ta ce ba ta jin daɗi."

Sajan ta leƙa rumfar da ke gefen garejin. Murhu a kife, benci a ɗage.

"Ta wa ce wannan?"

"Ta Inna. Abinci take sayar wa ma'aikata."

Gidan nasu yana bayan garejin, ɗaki uku da tsakar gida. Matar Sifana tana zaune a ƙofar kicin, tana yanka albasa a murfin tukunya, wuƙar tana ta ƙara. A bango, sama da kanta, akwai ƙusa babu komai a jiki. Hayaƙi ya baƙanta bangon duka, ban da wani wuri mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin ƙusar.

Sajan ta gaishe ta, ta tsuguna kusa da ita.

"Da maza suka tafi salla jiya, ku kuna ina?"

"A baranda, Anti. Ni na shimfiɗa ɗankwali na yi tawa a nan."

"Inna fa?"

"Ta je famfo ta yi alwala, ta ma daɗe. Amma ba ta yi sallar ba. Ina sallamewa na ga ta fito ta lungu, ta ce a gida za ta yi."

"Ta tafi da kaya?"

"Robar abincin ni ta bar wa, daga rumfa muka wuce kotun. Wani ɗan ƙunshi dai ta ɗora a ka. Na ma yi mata magana. Likita ya hana ta ɗaukar kaya a ka saboda wuyanta, ko buta ba ta ɗorawa. Na ce Inna ki riƙe a hannu mana, abu ɗan wannan. Ta harare ni."

Matar ta ɗago, idonta yana hawayen albasa. "Lafiya dai ko?"

Sajan ta sake duban ƙusar. Ta miƙe ta yi sallama a ƙofar ɗakin tsohuwar.

Ɗakin a share yake ƙal, yana ƙanshin turare. An juya gado, sawun ƙafafunsa na da yana nan a siminti. Yanzu wajen kai ne ke fuskantar kabad ɗin kaya. An sauke akwatuna da kwanukan da ke saman kabad ɗin, an jere su a ƙasa. Abu ɗaya ne ya rage a can sama, a naɗe cikin sabon mayafi.

Inna tana zaune a tabarma da carbi. Ta dubi kakin Sajan, ta dubi fuskarta.

"Kina da alwala, 'yar nan?"

"A'a, Inna."

"To kada ki taɓa. Ni zan sauko da shi."

"Inna, kafin ki ce komai, doka ta ce in faɗa miki. Kina da damar yin shiru har ki sami lauya. Duk abin da kika faɗa zai iya zuwa gaban kotu."

"Shirun ne ya kai ni nan." Ta ajiye carbin. "Na ga injin. Yana bayan rumfata a rufe da buhu, har aka zo aka ɗauke shi. Na tambaye shi, ya ce in bar maganar maza. Jiya na ga ya miƙe zai dafa, ko gezau bai yi ba. Na ce in dai sai ya yi ƙaryar, gara ya yi ta a kan katakona na yanka, da ma yana cikin robar abinci."

"Ya sani?"

"Ina fa. Da ya sani ma da sauƙi. Shi na gasken ya je dafawa."

"Inna, da sunan Allah ake rantsuwar. Ko me ke cikin gafakar, ta hau kansa."

"Na sani. Tun ina hanya da shi a kaina na sani. Na so in mayar, sai na tarar an kulle."

"An kama Baba Masinja a kan wannan. Yana tsare tun safe."

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta. "Mai ba ni kujera in na zo?"

"Shi."

Ta dafa bango ta miƙe. Ta taka kujera ta sauko da ƙunshin da hannu biyu, ta ɗora a ka.

"Wuyanki, Inna."

"Mu je."

Haka suka ratsa ta gaban gareji. Sifana ya fito da gudu yana tambaya, uwar ba ta ko kalle shi ba. Ya bi su har ofis. A gaban kanta ya ga an warware mayafin. Ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da baƙaƙen hannuwansa. Kafin la'asar ya faɗi wanda ya sayar wa injin.

Oga ya kira Sajan. "Yaya aka yi kika gane?"

"Wanda ya saka katako ba sayar da littafin yake so ba, yallaɓai. Da ya ɗauke har gafakar. So yake a rantse a kan banza. Mai burodi ba ya son haka. Magatakarda da Sifana suna masallaci. Baba kuma da makulli a hannunsa, ba ya buƙatar jiran azahar, ba shi da kowa a shari'ar. Saura wanda ke tsoron littafin har ya yi alwala kafin ya sace shi. Irin wannan ba zai rataya shi a hannu yana lilo ba. A ka zai ɗora, ko da likita ya hana."

"To madalla. A saki tsohon."

Da safe aka gurfanar da Inna. Alƙali ya ce daga kotunsa aka ɗauki abin, shi ne ma ya buɗe, don haka shaida ne shi, ba zai zauna a kan shari'ar ba. Ya tura ta wata kotun, ya ba da belinta. Yana magana yana kallon teburinsa.

Baba Masinja bai zo aiki ba. Da aka tashi, Sajan ta nemi gidansa. Ta same shi a ƙofar gida yana gyara igiyar takalmi. Ya sa jikarsa ta kawo mata kujera.

Ta ciro hular da makullin kabad da aka karɓe a hannunsa ta miƙa masa. Ya karɓi hular, ya daidaita ta a kansa. Makullin ya bar shi a tafinta.

"Baba, an wanke ka. Kowa ya san ba kai ba ne."

"Kowa?" Ya yi ɗan murmushi. "Da kika fitar da ni, ta ƙofar gaba ne, kotu a cike. Da aka sake ni, ta baya ne, daga ni sai mai shara. Yau da asuba na je masallaci, na miƙa hannu zan ɗauki Alƙur'ani a kanta, sai na ga wani yana kallon hannun."

"Umarni aka ba ni, Baba."

"Na sani. Da kin tambaye ni a inuwar nan kafin ankwar, abin da na faɗa miki a ofis shi zan faɗa."

Ta zauna har aka kira magariba, makullin yana hannunta. Da za ta tafi ya raka ta bakin hanya kamar yadda ya saba.

"Ki gaida gida, Sajan," in ji shi.