Nauyin Gefen Hagu

Tun da Gotlib Haraseb ya sayi tsohuwar motar nan mai gado da murhu a ciki, sitiyarinta ke ja zuwa hagu. Ya sauya tayoyi, ya sauya shokozoba, duk a banza. Tsohon bakanike Oom Fanie ya ɗora ta a sikeli, ya sosa ƙeya.

"Kai, wa ka ɓoye a baya? Gefen hagu, wajen gadon, ya ɗara da kilo sittin."

"Oom, ko bargo babu a kai."

"To, ajiye buhun yashi a dama."

Gotlib ya ajiye buhun, mota ta miƙe sumul. Bayan magariba, a hanyar tsakuwa ta zuwa garin Aus, ba gida ba fitila, katifar ta yi ƙara kamar an sauka daga kanta. Sai sitiyari ya fara ja zuwa dama. Gotlib ya taka birki, birkin ya nutse har ƙasa bai kama ba. Ya ja ƙofa, ta ƙi buɗewa. Numfashi mai warin taba ya sauka a ƙeyarsa.

"Ɗana," in ji muryar wata tsohuwa, "buhunka ya fi gadon daɗin zama. Riƙe sitiyarin da kyau. A kwanar can gaba ne mijina ya sake shi."