Ɗigon Jan Farce a Gindin Kwano

Ranar Talata, uku ga Satumba, 2024, gari ya waye da yayyafi a Gwaram. Gwaggo Hajjo, wadda ta riƙe Bara'atu tun tana goye, ta sauka daga motar Birnin Kudu ba sanarwa. Ko zama ba ta yi ba a ɗakin Bara'atu idonta ya faɗa kan kabad, ta gan shi wayam.

"Ke! Ina jerenki?"

"Na bayar, Gwaggo. Ruwa ya ci gidaje a Kwandiko, mata ko kwanon sha ba su da shi. Shekara biyu ban ci abinci a ciki ba, sai goge ƙura—"

"Rufe min baki! Wannan malamin firamaren ne ya sayar, kike rufa masa asiri!" Ta dubi Ismail, mijin Bara'atu, sama da ƙasa, ta taɓe baki. "Dube shi! Kowane kwano da hannuna na ɗiga masa jan farce a gindi. Ko ka dawo da su, ko ka ba ta takardarta!"

Ismail ya sunkuyar da kai. A ranar Gwaggo ta tasa Bara'atu a gaba zuwa Birnin Kudu, ta ƙwace wayarta.

Sati uku Bara'atu tana kuka a ɓoye. Ta rubuta wa mijinta wasiƙa, amma ta ƙi aikawa sai da yardar wadda ta raine ta.

Wata Juma'a sai ga baƙuwa, Mero daga Kwandiko, da dambu a kwanon samira. Ta yi ta cigiya har ta gano gidan, don ta yi wa Bara'atu godiya.

"Mtsww! Ba a cin abinci a tarkacen ƙauye a gidana," in ji Gwaggo. Ta miƙa hannu ta sauko da kwano daga jerenta na shekara arba'in, wanda ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Kyankyasai suka watse. Tsatsa ta cinye gindin, har tana hango tabarma ta cikinsa. Na biyu ma haka.

Dole aka juye dambun a roba. Da Gwaggo ta kife kwanon Mero, sai ga ɗigon jan farcenta.

"A cikinsa yarana huɗu ke ci, Hajiya," in ji Mero.

Gwaggo ta daɗe tana kallon kwanonin biyu. Wanda aka adana ya ruɓe, wanda aka bayar yana ciyar da mutane. Haƙurin Bara'atu bai faɗi ƙasa ba.

"Tashi ki rubuta wa mai siririn wuyan nan ya zo ya ɗauki matarsa. Na gaji da ganin hawaye," ta ce wa Bara'atu.

Bara'atu ta zaro wasiƙar daga ƙarƙashin filo. Gwaggo ta harare ta, ta fizge, ta ja mayafi. Da ƙafarta ta taka har tasha, ta damƙa wa direban Gwaram.