Garin Da Babu Wanda Za A Tambaya

Hutun mako biyu ya kawo Karima Birnin Gwari, gidan Kawu Usman, ƙanen babanta. Rana ta uku matan gidan suka ja ta madatsar ruwan Bagoma, wai 'yar Kaduna ta ga ruwa. A can ta tarar da wani saurayi zaune bakin kwalekwale yana ɗinke koma.

"Shigo mana, 'yar birni," ya ce. "Ruwan nan ba ya cin baƙo."

"Mai kwalekwalen fa?"

"Shi sai dai ya yi wa baƙo hidima."

Ɗalha ke nan. Ya zaga da su har bakin daji, babu tsuntsun da bai san sunansa ba, babu hanyar da bai san inda ta ɓulle ba. Ya nuna bayan wasu duwatsu ya ce can ne garinsu, Tungar Ɗorawa. Daga nan ya sauya magana.

Ta koma Kaduna, saƙo ya bi ta: "'Yar birni, tun da kika tafi kifi ya ƙi shiga koma. Ko da sa'ata kika tafi?"

"Sarkin ruwana, tana nan a ajiye. Zo ka karɓa a gaban Abba."

Ya zo kuwa. Abba ya saurare shi tsaf, ya ce ba a ba da 'ya sai an san asali, Usman zai yi bincike.

To fa, nan gizo ke saƙar. Bincike ai mutane ake tambaya, mai unguwa da liman da maƙwabta. Tungar Ɗorawa kuwa shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tashe ta, wanda bai mutu ba ya watse duniya. Wa za a tambaya?

Sai ga Naziru, ɗan abokin Abba, wanda ya daɗe yana zarya Karima ba ta ko kallonsa. "Alhaji," ya ce, "mutum ya san daji haka, ba shi da kowa, ai ka san ko infoman su waye." Allah wadaran bakin mutum! A ƙone maka gari, sannan a ce ka kawo garin ya ba da shaida.

Abin takaici, maganar ta ɗan shiga Karima. Ta rubuta wa Ɗalha: "Don Allah gaya mini gaskiya. Yaya aka yi kai ka tsira?"

Kwana biyu shiru. Sannan amsa ta zo: "Ina kan ruwa ina kamun kifi. Tun ranar nake yi wa kaina wannan tambayar. Ban zaci zan ji ta daga wurinki ba."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, kunya ta hana ta kiransa. Kawu ta kira tana roƙonsa ya yi wa Allah ya yi wani abu.

Bayan sati Kawu Usman ya zo Kaduna. Karima tana bayan labule tana ji.

"Yaya, na je. 'Yan sa-kai suka raka mu a babura. Babu mai rai da zan tambaya, ciyawar masallacinsu ta fi ni tsawo. Ɗalha ya kai ni bayan gari, kabari goma sha ɗaya, babu alama ko ɗaya, ya faɗi sunan kowa. Na uwarsa, na ubansa, na ƙanwarsa. Shi ya haƙa su. Kafin mu juyo sai da ya nome su tas. In wannan ba asali ba ne, ban san asali ba."

Nan take Abba ya sa rana.

Ranar ɗaurin aure liman ya tambaya, "Ina wakilin ango?" Masallaci ya yi tsit. Ɗalha ya sunkuyar da kai. Sai Kawu Usman ya tashi daga cikin dangin amarya, ya tsallaka ya zauna gefensa.

"Ga ni. Yaya, ina nema wa ɗana Ɗalha auren 'yarka Karima."

"Na ba shi," in ji Abba. "Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai yawa."

Da aka kai ta ɗakinta a Birnin Gwari, mata uku kacal suka yarda suka bi hanyar saboda tsoron 'yan bindiga, kuma babu dangin ango da za su tarbi amarya. Ta durƙusa gabansa.

"Sarkin ruwana, ka yafe mini tambayar nan."

"Na yafe, 'yar birni. Amma ta yi zafi." Ya kama hannunta ya ɗago ta. "Tashi. Yau ni ma ina da wanda za a tambaya."