Sunan Yelwa a Rajista

Safara'u ba ta bari Malam Hamma ya gama jingine kekensa ba ta tare shi da maganar. Saura kwana goma sha tara a ɗaura musu aure, an riga an raba goro, amma ranar ko murmushin da ya saba tararwa bai samu ba.

"Malam, da gaske kai ka rubuta sunan Yelwa?"

Ya ce shi ne. Shi mutumin Gagarawa ne, aikin koyarwa ya kawo shi ƙauyensu da ke kusa da Maigatari. Tun da aka yi sabuwar Jihar Jigawa aka matsa wa malamai lamba, duk yaron da ya isa makaranta a sa shi a rajista. Mai unguwa ya lissafo yaran gida-gida, shi kuma ya rubuta. Da ya zo kan Yelwa, autar su Safara'u, har daɗi ya ji, wai shi a dole ya yi wa gidan surukai alheri.

"Ka tambayi Baffa?"

Bai tambaya ba. Nan ta gaya masa abin da ba a faɗa a gidansu. Yayanta Ilu haka aka rubuta shi ba da sanin mahaifinsu Baffa Ɗantsoho ba. Ya yi ƙoƙari, aka tura shi makarantar kwana, sanƙarau ya kama shi a can. Kafin labari ya iso gida an binne shi da kwana biyu. Shekara goma sha ɗaya ke nan Baffa ko hanyar makaranta ba ya bi, kuma jiya ya ce in sunan Yelwa bai fita ba, a mayar wa mutanen Gagarawa kayansu.

Malam Hamma ya yi sororo. Ya ce rajista amana ce, sufeto zai zo ya ƙirga. Safara'u ta fashe da kuka.

"Ina son ka, Malam, Allah ya sani... amma ba zan iya tsallake Baffa ba."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ja kekensa ya tafi, ko hawa bai yi ba.

Baffa bai jira amsar kowa ba. Ya yi abin da mutanen bakin iyaka suka saba in an zo ɗaukar yara: a tsallakar da yaro Nijar wurin dangi, in ƙurar ta lafa a dawo da shi. Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, Safara'u ta riƙo hannun Yelwa suka bi amalanken masu komawa gida, sai ƙauyen Gwaggo Halimatu, ƙanwar Baffa. Ba ta aika wa Malam Hamma ko sallahu ba, abin yana cin ranta duk hanya.

Kwanansu biyar, da hantsi, wata mota ta tsaya a ƙofar mai gari. Jandarma biyu, 'yan sandan can, suka fito da wani malami da ake ce wa Mushe, riƙe da babban littafi. Ashe su ma makon ɗaukar yaran lakwal ne, makarantarsu ta boko.

Can ba a tambayar shekaru. Yaro zai ɗora hannu ta saman kansa, in ya taɓo kunnen ɗaya gefen ya isa. Yelwa tana wasa a ƙofar gida, ta ga yara suna yi, ta ɗauka wasa ne. Ta kutsa cikin layi ta miƙa hannu ta cafke kunnenta, har da dariya da giɓinta a waje.

Safara'u ta fito da gudu, hannunta duk ƙullun fura, ta tarar an gama rubutawa. Ƙauyen ba makaranta, wani gari mai nisa za a kwashe su, can za su riƙa kwana. Ta rantse yarinyar 'yar Najeriya ce. Mushe ya ce a wannan makon kowane yaro ɗan Najeriya ne. In gaskiya ne, a kawo takarda mai hatimi cewa tana makaranta a can, kafin Litinin. Yarinya kuwa tana hannun mai gari.

Ita kaɗai ta dawo gida. Baffa yana gyaran rumbu ta faɗa masa. Igiyar hannunsa ta suɓuce, ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Abin da ya guje wa shi ya kai 'yarsa gare shi da hannunsa, kuma a ƙasar da ko yaren makarantarsu ba ya ji.

Can ya miƙe ya ɗauki hularsa. Safara'u ta bi bayansa, mutane suna leƙe, don ba wanda ya taɓa zaton ganin Ɗantsoho a hanyar makaranta. A ranta godiya take wa Allah da ya yi Malam Hamma da taurin kai. Sunan yana nan, takarda kawai za a rubuta.

Malam Hamma ya durƙusa ya gaishe da Baffa, ya saurari labarin, fuskarsa ta canja. Ya jawo rajista ya buɗe. Jan layi ne ya ratsa sunan Yelwa tun daga farko har ƙarshe.

Safara'u ta dafa benci.

"Malam... yaushe?"

"Ranar da kika yi kuka. Na kasa jurewa, Safara'u."

Baffa ya ce a sake rubutawa, takardar kawai yake so. Malam Hamma ya sunkuyar da kai.

"Baffa, na farko na rubuta ban tambaye ka ba, na yi laifi, ka yafe mini. Amma ba zan sa hatimi a kan ƙarya ba. In na rubuta, za ta zo aji. Ga ajin nan, daga ƙofar gidanka ana hango tagarsa. Kafin azahar tana gida. Ko kanta ne ya sara, ni zan goyo ta in kawo maka. In ta gama, ba inda za a kai ta sai an zo zaurenka an ji ta bakinka. Ka yarda?"

Safara'u ta kalli Malam Hamma. Wannan bawan Allah, aurensa na lilo, shi ne har da kafa wa Baffa sharaɗi! Ta runtse ido tana jiran tsawa.

Tsawar ba ta zo ba. Da ta buɗe ido, hawaye ta gani yana bin gemun Baffa.

"Ka yarda..." ya maimaita a hankali. "Lokacin Ilu ba wanda ya ce mini haka."

Ya share fuska da bakin rigarsa, ya matso kusa da teburin.

"Rubuta. Amma ba Yelwa ba, wannan na gida ne. Da sunan Maryamu na yanka mata rago. Maryamu Ɗantsoho."

Malam Hamma ya rubuta, Baffa ya dangwala yatsa. Hedimasta ya buga hatimi. A bakin ƙofa Baffa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce a gaya wa mutanen Gagarawa rana tana nan yadda aka sa. Safara'u ta ja mayafi ta rufe fuska, ta rasa kuka take ko dariya.

Ranar Lahadi aka dawo da Yelwa, aka kuma ɗaura aure a kan lokacinsa. Daga ɗakinta na amarci Safara'u tana hango makarantar. Kullum da safe Baffa ne ke riƙo hannun yarinyar har bakin aji, sannan ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya, ba ya tashi sai an kaɗa ƙararrawa ta fito ta kama hannunsa.